Tambaya a kan ladubban bayar da jan ambulan a bikin sabuwar shekarar Sinawa

Ɗan Kwari ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a ƙasar Sin. Wata takwas ke nan da maigidana ya turo ni birnin Gwanzu (Guangzhou) domin in riƙa kula da sayen yadi da ɗora kaya zuwa Kano, kuma bana ne karo na farko da bikin sabuwar shekarar Sinawa zai riske ni a nan. Bikin zai kama ranar Talata, 17 ga Fabrairu, 2026, kuma tun yanzu masana'antu sun fara sallamar ma'aikata, shaguna kuma sun cika da jajayen ambulan masu rubutu da ruwan zinariya.

Wani Basine da gidanmu ya daɗe yana sayen kaya a hannunsa ya gayyace ni cin abinci a gidansa a ranar farko ta bikin, har ya yi alkawarin cewa daga gidan abincin Musulmi za a kawo abin da zan ci. Yana da 'ya'ya biyu, mace mai shekara tara da namiji mai shekara biyar, kuma mahaifiyarsa tana zaune tare da su. Tafintata ta gargaɗe ni da kada in je hannu rabbana, ta ce lallai in riƙe wa yaran jan ambulan da kuɗi a ciki, amma ta tafi garinsu kafin mu zauna ta yi mini cikakken bayani.

Abin da nake son sani shi ne, su wa ya kamata in ba, kuma nawa ake sakawa ba tare da mutum ya gaza ko ya wuce gona da iri ba? Shin zan iya saka dala, tun da ita ce a hannuna? Yaya ake miƙawa, kuma idan ni aka miƙo wa, me zan yi? Akwai kuma mai gadin gidan da nake haya da masu lodin kaya a sito, waɗanda kullum muke tare. Ni magidanci ne, iyalina suna Kano, na faɗi haka ne domin na ji an ce aure yana da nasa hukuncin a wannan al'ada. Daga ƙarshe, zuciyata ba ta gama natsuwa ba game da ko akwai wani abu na bauta a cikin lamarin. Allah ya saka da alheri.

Dattijon Gwanzu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi kyan kai da ka tambaya tun da sauran lokaci, domin baƙo ko da ido makaho ne. Na shafe fiye da shekara goma a wannan birni, kuma zan faɗa maka abin da na gani da idona a lardin Guangdong, ba abin da ake yi a duk faɗin ƙasar ba, saboda ƙasar tana da girma kuma kowane yanki da irin tasa.

Da Sinancin da ake koyarwa a makaranta sunan abin hongbao, wato jan ƙunshi, amma mutanen nan masu harshen Kanton laisi suke ce masa, kuma ma'anar kalmar tana komawa ga sa'a da dacewa. Ƙa'idarsu ta farko ita ce mai aure shi ke bayarwa, wanda bai yi aure ba shi ke karɓa, ko da kuwa ya kai shekara arba'in. Saboda haka abin da ka ji gaskiya ne: tun da kai magidanci ne, kana sahun masu bayarwa, kuma yaran gidan su ne na farko. Shi maigidan da matarsa ba a ba su, domin sa'anninka ne a matsayi, kuma miƙa wa abokin ciniki kuɗi a gidansa ranar biki yana iya zame masa abin kunya. Hakkinsu a kanka shi ne tsaraba, kuma kwandon lemo ko akwatin ganyen shayi mai kyau ya wadatar. Lemon nan ƙanana masu launin zinariya da kake gani ana sayarwa a ko'ina alamar arziki ne a wurinsu.

Game da adadi, mutanen Guangdong sun shahara a duk ƙasar da saka kuɗi kaɗan da kuma rabawa ga jama'a da yawa. A kuɗin ƙasar, wato yuan, 10 ko 20 shi ne abin da aka saba ba mai gadi, da mai shara, da ma'aikacin gidan shayin da mutum ya saba zuwa, 50 ko 100 kuma ga 'ya'yan dangi da na aminai. A matsayinka na baƙon da aka karrama da gayyata har cikin gida, ni a ganina yuan 100 ga kowane yaro ya yi daidai, 200 kuma ba laifi idan hulɗarku ta yi ƙarfi. Abin da ba shi da kyau shi ne ka bambanta tsakanin yaran biyu, domin da ka juya baya za su gwada, kuma iyayen za su ji. Ka kuma riƙe ƙarin ambulan huɗu ko biyar a aljihu, saboda ranar ziyara ce, kuma ba wuya ka tarar da 'ya'yan 'yan'uwa ko na maƙwabta a falon. Ni abin da nake yi shi ne in sa masu 100 a aljihun dama, masu 20 a na hagu, domin kada a gan ni ina buɗewa ina leƙawa a gaban mutane.

Dalarka ka bar ta a inda take. Ka saka yuan, kuma takardar ta kasance sabuwa fil, wadda ba a taɓa naɗewa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da mun san yadda ake neman sababbin kuɗi domin barka da Sallah, sai dai su sun fi mu tsanantawa, har layi ake yi a bankuna kafin bikin. Tsohuwar takarda mai datti tana nuna cewa ba ka shirya wa mutumin ba, tuna shi kawai ka yi a hanya. Ba a saka sulalla. Takardar yuan 100 kuwa ita kanta ja ce, shi ya sa ta fi kowace dacewa da ambulan.

Sai lissafi, wanda nan ne baƙi suka fi yin tuntuɓe. Ka guji lamba huɗu ta kowace fuska, ko 40 ko 400 ko 44, domin lafazinta ya yi kama da na kalmar mutuwa. Ka guji 250, domin a bakinsu zagi ne da ke nufin wawa. Takwas ita ce abar so saboda ta yi kama da kalmar bunƙasar arziki, kuma ka tuna cewa ranar 8 ga watan 8 na shekarar 2008 suka zaɓa domin buɗe gasar Olamfik ta Beijing. Shida tana nufin tafiyar al'amura sumul, tara kuma ɗorewa. An fi son adadin da ke rabuwa biyu daidai, domin wanda ba ya rabuwa an fi danganta shi da kuɗin ta'aziyya, wanda shi kuma a farin ambulan ake sakawa. Don haka kada wani dalili ya sa ka ɗauko farin ambulan na ofis ka ce ai kuɗin ne muhimmi.

Ka lura da rubutun da ke jikin ambulan kafin ka saya. A shekarata ta farko na sayi wasu saboda kyansu, ashe masu alamar aure ne, wato harafin farin ciki da ake rubutawa biyu a manne, na kuwa raba wa 'ya'yan maƙwabcina. Ba wanda ya ce mini komai a ranar, sai bayan mako guda matarsa ta yi wa mai ɗakina bayani cikin ladabi, kuma na daɗe ina jin nauyin abin. Bana shekarar doki ce, saboda haka mai hoton doki ko mai harafin fu, wanda ke nufin albarka, shi ne naka. Wasu kuma sunan zuriya ne aka buga a jikinsu, waɗannan na masu sunan ne kaɗai. Idan ka yi shakka, ka tambayi mai shagon.

Miƙawar kanta da hannu biyu ake yi, kana duban yaron, bayan ya gaishe ka da gaisuwar shekara. Ka ce masa shin niyan kwai la, wato barka da sabuwar shekara, ko kuma da harshen Kanton ka ce kun hei fat coi, wato fatan arziki, sannan ka ƙara da fatan ya yi karatu da kyau. Shi ma da hannu biyu zai karɓa, ya yi godiya, ya adana. Ba a buɗewa a gaban wanda ya bayar, kuma kai ma idan tsohuwar gidan ta miƙo maka, abin da zai iya faruwa tun da kana matsayin ɗa a wurinta, ka karɓa da hannu biyu, ka ɗan sunkuyar da kai, ka sa a aljihun gaba, kada ka murza shi da yatsa domin jin kaurinsa.

Ɗaliba a Wuhan ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma, amma ina neman izini in ƙara wani abu da nake ganin zai iya canja lissafin gaba ɗaya. Yaya Ɗan Kwari, kafin ka rufe ambulan ko ɗaya, ka binciki asalin garin mai masaukinka. Gwanzu cike take da mutanen da suka zo daga wasu larduna domin kasuwanci, kuma kowa da al'adar gidansu yake tafiya. Yuan 20 da ɗan asalin Guangdong zai karɓa da murna, a wurin mutumin Fujian ko Zhejiang ko Shanghai ba abin da ake ba ɗan aboki ba ne, domin su daga ɗaruruwa suke farawa. Haka kuma sharaɗin aure bai da ƙarfi a wurare da yawa. A gidan ƙawata da na yi bikin bara, abin da aka duba shi ne ko mutum ya fara aiki: wanda yake ɗaukar albashi ya daina karɓa ya fara bayarwa, kuma yana ba iyayensa da kakanninsa kafin kowa, da adadin da ya fi na yara nesa ba kusa ba.

Duk da haka ban ce ka cika ambulan domin burgewa ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Kuɗin nan a zahiri na yaro ne, amma iyaye ne suke riƙe da lissafinsa, domin duk abin da aka ba ɗansu bashi ne da za su mayar wa 'ya'yan mai bayarwa, daidai ko da ɗan ƙari. Duk wadda ta san yadda iyayenmu mata suke yin biki, inda ake tuna abin da kowace ta kawo ranar suna domin a mayar mata ranar nata, ta riga ta fahimci tsarin. To kai 'ya'yanka suna Kano, ba su da hanyar mayar maka a ranar, saboda haka idan ka saka dubu biyu ka ɗora wa mutumin nauyin da zai kwana yana tunanin yadda zai sauke. Matsakaicin abu shi ne mutunci ga kowa.

Ka kuma shirya wa ja-in-ja. Da ka fito da ambulan, uwar yaran za ta iya tare hannunka tana cewa ba sai ka yi ba, har ta mayar maka da shi aljihu. Wannan kara ce irin wadda muka sani, ba ƙi ba ne. Ka nace sau biyu ko uku cikin fara'a, ka ce ai na yara ne, na sa'ar shekara ne, za ka ga an bari. Idan ka janye tun a karon farko, kowa zai rasa inda zai sa kansa.

Tun da ka tambayi asalin abin, sunan kuɗin da ake ba yara a wannan biki yasuiciyan, wato kuɗin danne sui. Tatsuniyarsu ta ce wani aljani ne mai suna Sui da ke zuwa daren jajibirin shekara yana shafa kan yara masu barci su kamu da zazzaɓi, sai wasu iyaye suka naɗe sulalla takwas a jar takarda suka ajiye kusa da matashin ɗansu, hasken sulallan ya kore shi. A da ma sulalla masu huda a tsakiya ake shiryawa a jan zare, ambulan na takarda daga baya ya zo. Abokan karatuna suna ba da labarin ne kamar yadda muke ba da na Gizo da Ƙoƙi.

Sannan akwai na waya. Tun shekarar 2014 manhajar WeChat ta fito da jan ambulan na intanet, kuma ya bazu sosai bayan da aka haɗa shi da shagalin talabijin na daren sabuwar shekara a 2015. A yawancin ranaku, iyakar abin da ambulan ɗaya ke ɗauka yuan 200 ne, kuma idan ba a buɗe ba cikin awa 24 kuɗin yana komawa ga mai shi. A zauren hira na jama'a, mutum yana jefa kuɗi manhajar ta rarraba su yadda ta ga dama, wani ya samu da yawa wani kaɗan, kuma ladabin wurin shi ne kada ka yi ta kwasa ba ka taɓa jefawa ba. Wannan ya dace da abokan aiki da waɗanda suka yi nisa, amma ga yaran da za ka shiga gidansu, na takarda shi ne girmamawa.

Mazaunin Yiwu ya amsa:

Malam Ɗan Kwari, zan taɓa abu biyu da ba a tsaya a kansu ba. Na farko damuwarka ta addini, wadda damuwa ce mai kyau. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan taya waɗanda ba Musulmi ba murnar bukukuwansu, kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, saboda haka fatawa ba a wurinmu za ka same ta ba. Ka tambayi malamin da ka amince da shi a gida, ka kuma tambayi limaman nan Gwanzu, ko a masallacin Huaisheng ko a wanda ke kusa da kabarin da ake danganta wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, domin su suna rayuwa da wannan tambaya kowace shekara. Abin da zan iya shaida shi ne, miƙa wa yaro ambulan daban yake da kunna turare a gaban allunan kakanni ko zuwa ɗakin bauta, kuma ban taɓa ganin an nemi baƙo ya yi waɗannan ba. A wasu gidaje yara suna durƙusawa har goshi ya taɓa ƙasa kafin kakanni su ba su, amma wannan tsakanin jikoki ne da kakanninsu. Musulmin Maleshiya da Singafo ma sun ɗauki tsarin ambulan ɗin daga maƙwabtansu Sinawa, suka mayar da shi kore, suna raba wa yara a ƙaramar Sallah da sunan duit raya.

Na biyu ya fi haɗari. Kalmar hongbao ita ce kuma ake amfani da ita idan ana nufin toshiyar baki, kamar yadda mu ma goro yake da fuska biyu a bakinmu. Kada ka kuskura ka miƙa wa ma'aikacin gwamnati ambulan, ko na kwastan ne, ko ɗan sanda, ko jami'in biza, ko likitan asibitin gwamnati, komai ƙanƙantar abin da ke ciki kuma komai kyan niyyarka. Tun daga ƙarshen shekarar 2012 hukumomi suka tsananta a kan karɓar kyaututtuka, kuma lokacin biki ne aka fi sa ido, saboda haka za ka iya jefa kanka da shi cikin masifa. Haka nan ma'aikacin wani kamfani da ke da ikon sanya maka farashi ko duba ingancin kaya, ba shi ambulan mai kauri a ɓoye ba gaisuwar shekara ba ce.

Masu lodi da mai gadi kuwa ka ba su a fili, kowa daidai da ɗan'uwansa. Waɗanda suka tafi gida, ka jira ranar da aka koma aiki, domin akwai ambulan na buɗe aiki da shugabanni ke raba wa ma'aikata a ranar farko, kuma kasuwanni da dama a rana ta takwas ta bikin suke buɗewa. Lokacin bayarwa yana nan har rana ta goma sha biyar, ranar bikin fitilu, wadda bana ta kama 3 ga Maris.

Ɗan Kwari ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bincika kamar yadda ƙanwata ta ce, mutumin ɗan asalin Foshan ne, nan kusa da Gwanzu, saboda haka zan tsaya a kan 100 ga kowane yaro, kuma gobe zan je banki neman sababbi. Zan yi magana da liman ranar Juma'a. Saura abu biyu, Baba: ita tsohuwar, in ba ta ko in bari? Sannan tafintata ba ta da aure, kuma tana yi mini aiki tsakani da Allah, amma ina gudun kada a yi wa kyautar wata fassara.

Dattijon Gwanzu ya amsa:

Tsohuwar ba dole ba ne, domin nauyin 'ya'yanta ne da jikokinta da suka fara aiki. A ziyarar farko na fi son ka kai mata tsaraba ta musamman, ka fara gaishe ta kafin kowa, ka yi mata fatan lafiya da tsawon rai. Idan zumunci ya ɗore har baɗi, sai ka ba ta ambulan, kuma a lokacin ya zama ya fi na yaran.

Ita tafinta ma'aikaciyarka ce, kuma ambulan na buɗe aiki hakkinta ne a al'adarsu. Ka ba ta ranar da ta dawo, a ofis, a gaban sauran ma'aikata, lokacin da kake ba kowa nasa, kuma ba laifi nata ya fi na masu lodi tun da aikinta ya fi kusa da kai. 200 ko 600 ko 800 duk suna da kyau, gwargwadon ƙarfinka da abin da maigidanka ya amince. Adadi biyu ne za ka nisanta, ko a takarda ko a waya: 520, wanda lafazinsa ya yi kama da ina son ki, da 1314, wanda ke nufin har ƙarshen rayuwa. Waɗannan na masoya ne, kuma idan ka tura mata ɗaya daga ciki, fassarar da kake gudu ita za a yi. Idan ka dawo daga Foshan ɗin ko daga gidan nasa na nan, ka leƙo ka faɗa mana yadda aka yi.